Shafi na Tara

Duk Janairu, in ƙanƙara ta danne Toledo,
nakan tashi daga aikin dare a ɗakin wankin asibiti,
in ja ƙafafun da suka gaji da ni
zuwa laburare, ana buɗe ƙofa.
Doka ta ce kyauta ne, sau ɗaya a shekara:
kamfanoni ukun da ke rubuta bashin kowa
dole su nuna maka abin da suka rubuta a kanka.
Abin da aka ce kyauta a ƙasar nan
ni ba na barinsa ya kwana.

Na'ura ta tare ni kamar mai gadi.
Suna? Lorraine Pruszynski.
Lambar gwamnati? Na haddace ta tun ina budurwa.
A wane titi kika taɓa zama?
Ta jero huɗu, ta ce in zaɓa.
Ga Lagrange a na uku,
inda rufi ke yoyo a kan gadon yaro,
muna tarar ruwa da tukunyar miya.
Na danna. Ta yarda ni ce.

Shafi goma sha ɗaya, santi goma-goma,
don bugawar ba ta cikin kyautar.
Na zauna kusa da bututun ɗumama ɗaki,
tabarau a hanci, jan biro a hannu,
ina bin rayuwata layi-layi.

Mota: an biya, an rufe.
Firji: an biya.
Ga tabon nan na watan Maris,
jinkirin kwana talatin,
watan da muka binne Casimir.
Takarda ba ta tambayar dalili.
Sun ce shekara bakwai take gogewa,
saura ɗaya.
Nakan shafa wurin da yatsa in wuce.

Sai shafi na tara.

Katin bashi, an buɗe shi a watan Yuni.
Dala dubu biyu da ɗari uku da arba'in.
Sunana ne, har da wasalin da kowa ke mantawa.
Ni kuwa Yuni ta same ni
ina ninke zannuwan marasa lafiya,
ban sa hannu a kan komai ba.
Ɓarawo, na ce, har na ji daɗin fushina,
fushi mai tsabta, wanda ba shi da fuska.

Matar da ke kan tebur, Odessa,
ta leƙo, ta ce kar in damu, da hanya:
ki rubuta musu ba naki ba ne,
kwana talatin gare su su bincika,
ki sa a kulle sunanki kar wani ya ƙara,
in kina so ya fita da sauri,
ki haɗa da takardar 'yan sanda.

Na gode mata. Na koma neman adireshin
da aka aika wa katin.

Titin Sylvania, bene na biyu, ɗaki na huɗu.

Na san matakalar, guda goma sha shida,
ta bakwai tana ƙara.
Na hau ta a Yuni da kwanon dankali,
ran da masana'anta ta sallami Gregor,
ya ce, Mama, kar ki damu, na sami mafita.
Har na yaba masa sababbin tayoyin mota.

Bututun ya ci gaba da huci.
Wani yaro na jan kujera a bayana.
Akwai ɗan akwati a kan fom ɗin:
wannan bashi ba nawa ba ne.
Biro ya tsaya a kansa
har jan tawada ta taru ta ɗiga a gefe.

Ba nawa ba ne. Gaskiya ce.
Ni na koya masa rubuta sunan nan,
harafi-harafi, a teburin Lagrange,
tukunya na cika a bayanmu.

Na ninke shafukan gida huɗu,
yadda nake ninke rigar matashi,
na sa a aljihun kwat.
A tashar bas na cire safar hannu da haƙori.
Wayarsa ta yi ƙara sau biyar.

Mama? Lafiya, da sassafe haka?

Na ce, ɗora ruwan kofi, Gregor.
Ina tafe da abin karatu.